Ɗauri a Jere da Saki Bisa Sharaɗi a Dokar Kanada

Idan kotu ta sami mutum da laifi fiye da ɗaya, alƙali yana iya cewa hukunce-hukuncen su gudana a lokaci guda, ko kuwa a jere, wato sai ɗaya ya ƙare sannan ɗaya ya fara. Ɗalibanmu za su tuna da mas'alar tadahuli a fiƙihu, inda wasu uƙubobi ke shiga cikin wasu.

A Kanada, ana tara hukunce-hukuncen da suke a jere a lissafa su wa'adi ɗaya. A bisa ƙa'ida, fursuna yana da damar neman saki bisa sharaɗi bayan ya cika kashi ɗaya cikin uku na wa'adin, ko shekara 7, duk wanda ya fi kusa. Idan bai samu ba, galibi doka ce ke sakinsa a kashi biyu cikin uku, ya ƙarasa sauran a waje ana sa masa ido. Mu ɗauki wanda aka yanke wa shekara 6 da shekara 3. In a lokaci guda ne, zai nemi saki bayan shekara 2. In a jere ne, wa'adin ya zama 9, sai bayan shekara 3.

Ɗaurin rai da rai shi ne wurin taƙaddama. Kisan kai da aka tsara da gangan hukuncinsa rai da rai ne, ba neman saki sai bayan shekara 25. Dokar 2011 ta ba alƙalai ikon jera shekara 25 ɗin nan ga kowane rai da aka kashe. Ranar 29 ga Janairu 2017, Alexandre Bissonnette ya harbe mutum shida a masallacin birnin Kebek, Allah Ya jiƙansu. Masu gabatar da ƙara suka nemi shekara 150, alƙali ya yanke 40 a 2019, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar 25 a 2020. Ranar 27 ga Mayu 2022 Kotun Ƙoli ta soke wannan tanadi baki ɗaya, tana ganin ɗaurin da ba fatar fita ya saɓa wa tsarin mulki.

Hukuncin ya yi wa iyalan mamatan zafi, kuma muna ganin suna da hujja: lissafin rai shida ya zama daidai da na rai ɗaya. Sai dai kada a ɗauka za a sake shi a 2042. Damar roƙo ce kawai zai samu a lokacin, hukumar saki tana iya ƙi, in ma ta yarda zai zauna ƙarƙashin sharaɗi har mutuwarsa.