Yadda Sabunta Bashin Gida Ya Tashi Daga Tilas Ya Koma Zaɓi a Amurka

Duk wanda ya ga magidancin Amurka a yau, ya baza takardu a gabansa yana lissafin ko ya ci sabon bashi mai sauƙin ruwa ya biya tsohon da ke kan gidansa, ko kuwa ya bar al'amarin yadda yake, zai zaci haka aka gada kaka da kakanni, alhali kuwa kakansa bai san wannan zaɓi ba ko kaɗan.

Kafin shekarar 1930, mai nufin mallakar gida a can sai ya tanadi kusan rabin kuɗin, sa'an nan ya jinginar da gidan ya ranto saura, bisa wa'adin da galibi ba ya wuce shekara biyar. A cikin wannan muddar ruwa kaɗai yake biya, uwar kuɗi tana nan daram, sai ran da ajalin bashin ya cika a neme ta a dunƙule. Da yake ƙalilan ne ke da ikon kawo ta, sai ya zama al'ada mutum ya koma wurin mai bashi ya roƙi a sabunta masa. Da musibar tattalin arziki ta 1929 ta auku, bankuna suka yi ta rushewa, darajar gidaje ta faɗi, masu ba da bashi suka ɗaure bakin jaka, har ya zamana a 1933 ana ƙwace gida kimanin dubu kowace rana, a fid da gadaje da tukwanen iyali a jibge bakin titi, wani ma bai taɓa saɓa biya ba.

A watan Yuni na wannan shekara Shugaba Roosevelt ya sa hannu aka kafa hukumar HOLC, wadda ta riƙa sayen basussukan nan daga masu su, tana sake rubuta su bisa wa'adin shekara 15 da ruwa kashi 5 cikin ɗari, da sharaɗin kowane biyan wata ya ci wani abu daga uwar kuɗin, ta yadda ranar biyan ƙarshe ita ce ranar kuɓuta. Cikin shekara uku ta ɗauki nauyin gida fiye da miliyan ɗaya, ko da yake kusan ɗaya cikin biyar ita ma daga baya ta ƙwace su. Ba kuwa za a yi adalci ba in an ɓoye cewa hukumar nan ce ta zana taswirorin birane tana shafa wa unguwannin baƙar fata jan launi, alamar haɗari, zaluncin da har yau ba a gama fita daga sharrinsa ba. Hukumar FHA ta biyo baya a 1934 tana tsaya wa masu cin bashi, hukumar Fannie Mae a 1938 tana sayen basussukan, wa'adi ya yi ta tsawo har ya kai shekara 30.

Hukuncin riba sananne ne ga malamanmu, ba shi ne mas'alarmu a nan ba. Abin lura shi ne an ƙayyade ruwan har ƙarshen wa'adi, kuma galibi mutum na da damar biya kafin lokaci ba tare da tara ba, saboda haka in ruwa ya hau ba ruwansa, in ya sauka sai ya sabunta. Magidancin Ingila bai sami wannan gata ba, domin nasa ruwan shekara biyu ko biyar ake tsayar masa. A Oktoba 1981 ruwan ya haura kashi 18 a Amurka. A Janairu 2021 ya sauko 2.65, mutane suka yi ɗango wajen sabuntawa.

Amma sabuntawar ba kyauta ba ce, akwai ladan masu ƙiyasta gida da na rubuta takardu. In an caji mutum dala 6,000, misali, sauƙin da ya samu kuwa 200 ne a wata, sai bayan wata 30 zai fara cin moriya, wanda kuwa ya riga ya biya shekara goma ya koma farkon talatin, a ganina sau da yawa hasara ya saya. Da ruwan ya doshi kashi 8 a ƙarshen 2023, waɗanda suka kama nasu a kan 3 sai suka ƙi sayar da gidajensu, ciniki ya yi sanyi, masu neman gidan fari suka rasa na saye.