Jiki Magayi da Auren Dukiya

A cikin shekarar 1933 Dokta R. M. East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta labarai da Hausa. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi. Na biyar ɗinsu, watau Jiki Magayi, shi East ɗin ne ya rubuta shi tare da Malam John Tafida Umaru.

Sauran sun tafi wajen yaƙi da bauta da yawon duniya, amma wannan sai ya tsaya a kan zancen aure. Abubakar saurayi ne, yana son Zainabu tun suna yara. Sai ga Malam Shaihu, attajiri, ga mata ga dukiya, amma ba ɗa. Ya nemi yarinyar, dukiya ta rinjaya, aka ɗaura aure. Abubakar ya rantse sai ya rama, ya shiga uwa duniya neman asiri. Abin mamaki, asirin bai faɗa kan attajirin kai tsaye ba, sai kan Kyauta, ɗan da Zainabu ta haifa masa. Yaro ya tashi ɓarawo, har wata rana ya kashe ubansa bai sani ba.

Abin lura a nan shi ne Zainabu. A kanta aka yi rigimar duka, amma labarin ya bi sawun maza, ita kuwa aka bar ta a ɗaka. Haka zamanin ya ke, ba safai a kan tambayi budurwa abin da ke ranta ba.

Sai da aka yi kusan shekara hamsin sa'an nan mata suka ɗauki alƙalami, galibinsu a Kano, littattafansu suka cika rumfunan kasuwar Sabon Gari. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire ta daga makaranta aka aurar da ita tana yarinya, ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Yarinyar da ke ciki ita ma Abu ce, watau Zainabu, an ba da ita ga wani tsoho mai dukiya. Ita wannan ta gudu daga gidansa, ta koma neman ilmi.