Farin da Ke Haɗiye Fuska: Waiwaye Kan Tarihin Hoto Mai Rinjayen Haske

A shekarar da na kammala digiri, na je wurin wani mai hoto a bakin kasuwa domin in ɗauki fasfo na takardun bautar ƙasa. Yaronsa ya riƙe farin ƙyalle a bayana, shi kuma ya sakar mini haske a fuska. Da na kawo hoton gida, Umma ta duba, ta sake dubawa, sannan ta ce, "Wannan kuma 'yar gidan wa ce?" Ni baƙa ce irin dangin mahaifina, amma yarinyar da ke cikin hoton fara ce fat, babu tabon da ke goshina, hancin ma ya kusa ɓacewa. A zaton mai hoton alheri ya yi mini. Tambayar Umma ce ta sa na shiga bin sawun wannan salo, sawun kuwa ya kai ni Amurka, inda ya yi tashe a mujallun ado na tsakiyar ƙarni na 20.

Salon da nake nufi shi ne hoton mutum na baƙi da fari wanda haske ya mamaye: baya fari, inuwa kaɗan, baƙi kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ana samar da shi ta hanyar haska bango fiye da mutumin, a kewaye fuskar da fitilu har inuwa ta rasa wurin fakewa, a kuma bar haske ya shiga fim fiye da kima. Sauran aikin a ɗakin wanke hoto ake ƙarasa shi. Sai dai da inuwa ido yake gane siffa. Ita ce ke nuna tudun hanci da kwarmin ido da tamojin goshi. Idan aka kore ta, abin da ya fi duhu ne kawai zai tsira: ido, gira, leɓe.

Babu wanda ya kai wannan dabara maƙura kamar Erwin Blumenfeld, haifaffen Jamus da ya yi hijira zuwa Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A bangon mujallar Vogue ta Janairun 1950 ya ɗauki Jean Patchett da baƙi da fari, ya koɗar da fuskar har ba abin da ya rage sai ido ɗaya da girarsa, da baki, da ɗan tawadar Allah. Daga baya aka shafa launi. Richard Avedon ma ya yi wa Audrey Hepburn kwatankwacin haka domin fim ɗin Funny Face na 1957. Ba zan ɓoye ba, hotunan nan suna da kyau ƙwarai, kuma na daɗe ina kallonsu. Amma kyawun nasu ya ginu ne a kan fatar da ke iya narkewa cikin farar takarda ba tare da mai kallo ya ji an yi asara ba. Salon ya ɗauki farar fata a matsayin ma'auni, bai kuma taɓa faɗin hakan ba. Idan aka ɗora shi a kan fuskata, dole sai an fara canza ni kafin ya yi aiki.

Avedon ɗin nan, wanda aka haifa a 1923, shi ne ya juya farin zuwa wata manufa dabam. Sana'arsa ta fara ne a rundunar jiragen ruwan kasuwanci ta Amurka a 1942, inda aikinsa shi ne ɗaukar hotunan katin shaida na ma'aikata, wato irin fasfon da ya ruɗa Umma. Bayan ya yi suna a Harper's Bazaar da Vogue, sai ya koma ga wancan tsohon tsari: farin ya tsaya a baya, fuskar kuma a bar mata kowane tabo da kowace tamoji. Masu tsaurin ra'ayi za su ce wannan ya fita daga salon, tunda mutumin yana da duhu. Ni dai ina ganin reshe ne na bishiya guda, domin a nan ma fari ne ke mulkin takardar.

A 1979 gidan adana zane-zane na Amon Carter da ke Fort Worth a jihar Teksas ya ba shi aikin ɗaukar mutanen yammacin Amurka. Ya yi ta zagaye har 1984, ya ratsa jihohi 17, ya ɗauki mutum 752. Yakan liƙa farar takarda a jikin bango ko mota, a inuwa, ya tsayar da mutum a gabanta, shi kuma ya tsaya gefen wata babbar kyamara mai cin fim mai faɗin inci 8 da tsawon inci 10. Masu haƙar ma'adinai, mahauta, ma'aikatan rijiyar mai, da 'yan gararamba marasa matsuguni, duk sun tsaya a gaban wannan takarda. An baje hotunan a 1985 da sunan In the American West, wasu sun fi mutum girma.

A nan hukuncina ya rabu biyu. Farin ya tilasta wa masu kuɗin birni su dubi idon talakan da ba su saba duba ba, babu dutse ko doki da zai ɗauke musu hankali. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma abin da aka cire daga bayan mutumin shi ne gidansa da iyalinsa da garinsu, wato duk abin da zai shaida cewa shi ba gajiya da ƙura kaɗai ba ne. Masu suka irin su Max Kozloff sun zarge shi da kallon mutanen da idon baƙo ɗan gabas wanda ya zo da hukuncinsa a aljihu. Hoton mai kiwon zuma, Ronald Fischer, na 1981 yana ƙarfafa zargin: Avedon ne ya fara ƙirƙiro siffar a ransa, ya ba da talla yana neman wanda zai yarda, aka shafa wa mutumin sinadarin ƙamshin sarauniyar zuma domin ƙudajen su lulluɓe ƙirjinsa. Avedon bai musa ba. Shi da kansa ya yarda cewa hoton mutum ra'ayin mai ɗauka ne. Matsalar ita ce farin bango yana kama da na katin shaida, don haka mai kallo yakan karɓi ra'ayin a matsayin hujja.

Na fi gane girman abin da aka cire ne da na ajiye waɗannan hotuna kusa da na Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948. Shi ma da baƙi da fari ya yi aiki, galibi da hasken rana, amma bayansa zane ne mai ado, har da abin rufe gadonsa. Mai son hoto shi ke biya, shi ke zaɓen rediyo ko agogo ko babur da zai fito da shi, shi kuma ke tafiya gida da hoton. Fatarsu ta fito da duhunta da sheƙinta. Mutanen Keïta abokan ciniki ne. Na Avedon kuwa abin kallo ne, wasu ne suke saye.

Duk da haka akwai hoton Avedon guda da na kasa yi wa hukunci. A 1963, a Algiers ta jihar Luwiziyana, ya ɗauki William Casby, dattijon da aka haifa cikin bauta, hoton ya fito a littafin Nothing Personal da ya yi tare da James Baldwin a 1964. Fuskar ta cika takardar, baƙa ƙirin a kan fari, babu abin da aka koɗar. A nan farin ya kasa haɗiye komai, sai ma ya zama kamar shi ake tuhuma. Amma a wannan ziyara Avedon ya kuma ɗauki Casby zaune a tsakiyar zuriyarsa, manya da yara. Wanda duniya ta sani shi ne na fuskar kaɗai. Da na nuna wa Umma su biyun, na biyun ta riƙe, tana ƙirga mutanen da yatsa.