Tarihin Kayan Kiɗan Da Ake Haɗa Wa Mutum Shi Kaɗai: Daga Kuntigi Zuwa Jitar Bes

Ina neman a ba ni aron wannan fili domin in yi ɗan tsokaci a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni ba makaɗi ba ne, ban kuma gaji kiɗa ba. Ɗan kasuwa ne ni, karatuna na Islamiyya ne, na kuma san malamanmu sun yi maganganu a kan kaɗe-kaɗe, wasu sun tsananta wasu sun sassauta. Wannan fage nasu ne, ba zan shiga ba. Abin da ya kawo ni shi ne tarihin sana'ar hannu, wato ta mutanen da ke zama su haɗa wa makaɗi abin kiɗansa daidai da hannunsa da muryarsa.

Dalilin wannan rubutu kuwa shi ne, kwanakin baya wani ɗana da ke zuwa situdiyo ya nuna mini wata jita a wayarsa, doguwa mai kaurin tsirkiya, ya ce sunanta bes. Ya ce manyan makaɗan duniya ba sa shiga kanti su ɗauko ta, aikinta suke bayarwa a yi musu kamar yadda mutum ke kai ɗinkin babbar riga. Ya faɗe shi yana mamaki. Ni kuwa sai na yi dariya na ce, yaro, ai wannan a zauren kakanka na fara ganinsa.

ASALIN JITAR BES

Bari mu fara da ta Turawan, tunda ita ta tayar da maganar. A da, mai riƙe babbar murya a ƙungiyar makaɗan Turawa wani ƙaton goge yake amfani da shi, wanda tsayinsa ya kai na mutum, a tsaye ake kaɗa shi, ɗaukarsa kuwa sai an sha wuya. A shekarar 1951 wani Ba'amurke mai suna Leo Fender, wanda asalinsa mai gyaran rediyo ne a jihar Kalifoniya, ya fitar da jita mai tsirkiya 4 da ake jonawa da lantarki, aka sa mata suna Precision Bass. Daga nan sai ta bazu, domin ana rataya ta a kafaɗa, kuma ƙararta na kaiwa ƙarshen fili.

To amma kayan kamfani kayan kowa ne. Da tafiya ta yi nisa sai gwanaye suka fara neman nasu na kansu. Paul McCartney na ƙungiyar Beatles bahago ne, saboda haka a 1961, a birnin Hambug na Jamus, ya sa aka kawo masa bes ta kamfanin Höfner wadda ta dace da hannun hagu. Wani makaɗin Amurka, Anthony Jackson, ya ga tsirkiya 4 ta yi masa kaɗan, ya matsa wa wani maƙeri mai suna Carl Thompson har ya haɗa masa mai tsirkiya 6 a 1975. Shi kuwa Jaco Pastorius da hannunsa ya ciccire 'yan ƙarafan da ke jere a wuyan jitarsa, domin yatsa ya riƙa zamewa muryar na tafiya ba yankewa. Ku lura da wannan, domin gogenmu da garayarmu tun fil'azal ba su da waɗannan ƙarafa. Abin da Bature ya sha wahala ya cire, mu ba mu taɓa sawa ba.

A nan maƙwabta ma akwai Richard Bona na Kamaru, wanda aka haifa a 1967. Yana yaro da kansa ya haɗa jita da wayar birkin keke. Da ya shahara, kamfanin Fodera na birnin Niyok ya ƙera masa bes mai tsirkiya 5 da ke ɗauke da sunansa. Haka nan a ƙasarmu, marigayi Victor Uwaifo na Binin, wanda ya rasu a 2021, ya yi suna da wata jita mai wuya biyu da shi ya tsara abarsa.

NAMU NA GIDA

Yanzu mu dawo gida. A ƙasar Hausa kayan kiɗa masu tsirkiya suna da yawa, kowanne da mutanensa. Garaya mai tsirkiya 2 ta mafarauta ce da 'yan bori, babbarta mai zurfin murya ita ake kira komo, in ka so ka ce ita ce bes ɗin Bahaushe. Molo tsirkiyarsa 3, jikinsa na itace ne da aka fafe. Gurmi jikinsa na duma ne. Goge kuwa ƙwarya ce da ake rufewa da fatar guza, tsirkiyarsa ta izgar doki, haka abin gogawar, ana kuma shafa ƙaro domin izgar ta kama. Kukuma ƙanwar goge ce, ta fi shi ƙanƙanta da zaƙin murya.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ake yi a kamfani. Girman ƙwarya shi ke ba da zurfin murya, kaurin fata da yadda aka ɗaure ta su ke ba da amo, tsayin sandar kuma dole ya dace da hannun mai kaɗawa. Saboda haka mai babbar murya ba zai ɗauki gogen mai siririyar murya ya ji daɗinsa ba. Ga kuma ruwan yanayi: da damina fata na saki, sai an kanga ta a wuta ko an shanya a rana, da hunturu kuma ta ɗaure har ta nemi tsagewa. Makaɗin da bai san halin fatarsa ba zai ji kunya a gaban jama'a. Shi ya sa da yawansu su ke haɗa abinsu da kansu, ko kuma suna da mutum guda da suka amince da hannunsa.

Babban misali shi ne marigayi Dokta Adamu Ɗanmaraya Jos. An haife shi a Bukuru a 1946, garin kuza, cikin Hausawa mazauna kamar mu. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, iyayensa suka rasu yana jariri, sarkin ya riƙe shi. Yana yaro ya je Maiduguri ya ga masu kuntigi, da ya komo ya haɗa nasa. Mene ne kuntigin? Gwangwanin kifi ne mai siffar ƙwai, a rufe shi da fatar akuya, a soka sanda, a ɗaura tsirkiya guda tak, a kan sandar kuma a maƙala ɗan ƙarfe mai zobba da ke kacau-kacau. Shi ke nan. Da wannan ɗan abu da bai fi a sa a aljihun babbar riga ba ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa ma'aurata nasiha, ya zaga ƙasashen duniya, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu ran 20 ga Yuni, 2015.

Haka sauran. Garba Supa da kukumarsa a Kano, Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa, Ibrahim Na Habu da Ali Makaho da Ahmadu Doka da Hassan Wayam da kukumarsu. Wanda ya saba da rediyon Kaduna a wancan zamani, kafin mawaƙi ya buɗe baki ya riga ya gane ko wane ne daga jin tsirkiyar. Ko Dokta Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da shi ba ya kaɗa komai da hannunsa, amon kalangan yaransa daban yake da na kowa.

YADDA SUKA ISO MANA GOMBE

Dattawa sun sani, wannan gari da muke ciki ba shi ne mazaunin farko na masarautar da Buba Yero ya kafa ba. Daga Gombe Abba aka koma Nafaɗa a 1913, sannan aka dawo nan Doma a 1919. Garin ya bunƙasa da cinikin auduga da gyaɗa da hatsi, aka kafa injin gurzar auduga a 1956, jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960 a kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri. Wannan ne ya jawo iyayenmu daga Kano da Katsina da Zazzau da Haɗeja da Sakkwato. Kuma duk inda Bahaushe ya sauke kaya ya sami kasuwa, to mahauci da wanzami da makaɗi suna bayansa. Da kaka, in an sayar da auduga kuɗi ya shiga hannu, lokacin ake bukukuwa, lokacin ne makaɗa ke sauka gidajen fatoma da zaurukan masu gida.

A zauren mahaifina, Allah ya jiƙansa, akwai wani dattijo mai goge da yakan sauka duk shekara, muna kiransa Baba. Ina yaro nakan zauna in ga yana aiki. Zai shiga kasuwa ya yini yana ƙwanƙwasa ƙore da yatsa yana sa kunne, mai ƙorai har ya gaji da shi, sannan ya zaɓi guda. Izga kuwa sai ya bi masu dawaki, ya tsefe ta ɗaya bayan ɗaya yana zubar da masu ƙulli. Wata rana na kai hannu zan taɓa gogen, ya ce, "Kul, ɗan nan! Wannan ya girme ka, wanda ya yi mini shi ma ya riga mu gidan gaskiya." Ban tambaye shi sunan mutumin ba, yaro ne ni. Shekarar da Baba ya rasu a nan wurinmu, aka rataye gogen a ɗakin ajiya ana jiran magada. Ba wanda ya zo. Gara ta ci ƙwaryar, yara suka ɗauki sandar suna wasan doki. Wallahi har yau in na tuna sai in ji ba daɗi, domin ina cikin yaran.

SAUYIN ZAMANI

Jitar Turawa ta shigo Arewa ta hanyar 'yan bareki da makaɗan otal, irin su marigayi Bala Miller na Kaduna, wanda ya yi waƙoƙin Hausa da kayan zamani. Amma ba ita ta ture kayanmu ba. Abin da ya ture su fiyano ne. Bayan finafinan Hausa na bidiyo sun kankama a Kano daga 1990, zuwa ƙarshen shekarun sai situdiyo suka koma ga fiyanon Yamaha, inda yaro guda zai danna maɓalli ya fitar da ganga da sarewa da bes gaba ɗaya. A lissafin kasuwa ba laifinsu: biyan mutum guda ya fi biyan mutum bakwai sauƙi. Sai dai in ba a neman mai goge, wa zai nemi mai haɗa goge? In kuma shi bai samu abinci a sana'ar ba, ɗansa acaɓa zai kama.

Amma ba ko'ina aka saki ba. A Nijar, Mdou Moctar, Buzu ne, ya fara da jitar da ya haɗa da wayar keke, ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a 2008, daga baya duniya ta san shi. Marigayi Malam Maman Barka kuwa, gwanin gurmi, da ya ji cewa biram, abin kiɗan masuntan Buduma na tafkin Chadi mai tsirkiya 5, saura dattijo guda ya iya shi, sai ya sami tallafin UNESCO a 2002 ya tafi ya zauna wurin wannan dattijo, Bukar Tar, ya koya. Ya rasu a 2018, amma ya bar biram a faifai, ya kuma bar sunan malaminsa a rubuce.

ABIN DA YA RAGE MANA

Ku dubi bambancin. Waccan jitar McCartney an sace ta a Landan a 1972. Bayan shekara 50 mutane suka tashi neman ta a jaridu, aka gano ta a rufin ɗakin wani gida a kudancin Ingila, aka sanar da komawarta hannun mai ita a watan Fabrairu na 2024. Sun gane ta ne domin sun rubuta kamanninta da wanda ya yi ta da shekarar da aka yi. Mu kuwa mun riƙe sunan mawaƙi, mun haddace waƙarsa, amma tambayi mutum goma a Tudun Hatsi wa ya ɗaure fatar kukumar da suke ji a kaset, ka ga in za ka sami amsa.

Don haka ina roƙon kwamitin al'adu na wannan ƙungiya abu uku, kuma babu mai cin kuɗi da yawa a ciki. Na farko, a sa matasanmu masu waya su bi Shamaki da Jekadafari da Bolari da Herwagana da Pantami, duk inda aka ji akwai dattijon da ya iya haɗa goge ko garaya ko kalangu, a zauna da shi da izininsa, a ɗauki bayaninsa, a rubuta wurin wa ya koya. Na biyu, duk gidan da ke da tsohon abin kiɗa na gado da ba a amfani da shi, kada a bar wa gara. A kawo ofishin ƙungiya a rubuta sunan mai shi a ajiye, ko a miƙa wa gidan tarihi irin na Jos ko Gidan Makama na Kano. Na uku, wanda duk zai kira makaɗan gargajiya bikinsa, ya sallame su da mutunci, domin a cikin abin da ya ba su ne mai fata da mai ƙwarya ke samun nasu.

Wanda yake ganin kiɗa bai dace ba, ina girmama fahimtarsa, ban ce ya saurara ba. Amma ajiye tarihin yadda iyayenmu suka zo garin nan da sana'o'in da suka zo da su, wannan hakkinmu ne duka, kuma dattawan da suka sani kullum raguwa suke yi. Ni dai na yi sakaci da gogen Baba, ba na so jikokinmu su yi irin wannan da-na-sani. Inda na yi kuskure a gyara mini a fitowa ta gaba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya yi wa kasuwa albarka, amin. Wassalam.