Jirin Kunnen Ciki ga Tsofaffi

Jirin kunnen ciki lalura ce da ke samun sashen kunne mai kula da daidaiton jiki, kuma galibi takan yawaita ga waɗanda suka manyanta. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda likitoci ke kira BPPV. Sababinsa kuwa wasu ƙananan tsakuwoyi ne na sinadarin kalsiyam da kan ɓalle daga mazauninsu su faɗa cikin ɗaya daga bututu uku masu siffar rabin da'ira, ta yadda idan mutum ya juya bisa gado, ko ya ɗaga kai sama, ko ya sunkuya domin ruku'u, sai ya ga ɗaki yana juyawa da shi, ko da yake hajijiyar ba kasafai take wuce minti ɗaya ba. Babbar illarta ga tsoho ita ce faɗuwa da karayar ƙugu.

Robert Bárány ya bayyana lalurar BPPV a 1921, sa'an nan a 1952 Margaret Dix da Charles Hallpike na Landan suka tsara gwajin da ake tabbatar da ita. A 1992 John Epley na Amurka ya wallafa dabarar juya kan majiyyaci daki-daki har tsakuwoyin su koma muhallinsu. Idan kuwa raunin kunnen ya daɗe, akan koyar da atisayen ido da kai da tafiya, waɗanda Cawthorne da Cooksey suka assasa a Ingila cikin shekarun 1940.