Uwar Zane da Masu Sayenta

Ka san ƙananan littattafan nan masu hotuna jere gida-gida. A gida na farko ga manomi yana shuka. A gida na biyu ga shi yana magana da malamin gona, an rubuta maganar cikin wani zobe da ya fito daga bakinsa. A gida na uku hatsi ya yi kyau. Irin wannan shi ake ce wa labari cikin zane. Wanda bai ƙware da karatu ba ma yana iya bin sa, don hoto yana kama wa baƙi.

To, kowane shafi da ka gani yana da uwa. Wani mutum ne ya zauna da alƙalami da tawada, ya zana shi da hannunsa a kan takarda guda. Daga nan aka kai takardar gidan buga littattafai, inji ya fitar da dubbai irinta. Dubban nan ƴaƴa ne. Ta hannun ita ce uwa, kuma ita kaɗai ce a duniya. Kamar littafin da malami ya rubuta da hannunsa ne, da kuma wanda aka buga ake sayarwa a kasuwar Madawa. Karatunsu ɗaya, amma darajarsu ba ɗaya ba ce.

Tarihin cinikin wannan uwar zane zan ba ka.

Da fari babu wanda ya kula da ita. A Amurka, tun wajen 1935, gidajen buga irin waɗannan littattafai suna biyan mai zane kuɗin shafi, kamar yadda ake biyan ɗan barema kuɗin wuni. In an gama bugu, sai a jibge takardun a ɗakin ajiya. In ɗaki ya cika, a yayyaga wasu a zubar. Wasu a ba yaran da suka zo ziyara kyauta. Wasu kuma ma'aikata su yi gaba da su, ba mai tambaya.

Ga labarin samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster, mutanen garin Kilibilan. Ɗaya yana tsara labari, ɗaya yana zane. Su ne suka ƙago Superman, jarumin nan mai ɗaga mota da hannu. A 1938 suka sayar wa wani gidan bugu labarinsa na farko, shafi 13, a kan dala 130. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Tare da kuɗin aka ba su takarda suka sa hannu. Takardar ta ce jarumin ya zama na gidan bugun har abada. Superman ya kawo dukiya mai yawan gaske, ta littattafai da rediyo da sinima, su kuwa suka tsufa cikin talauci. Shuster har idanunsa suka kusa mutuwa. Sai a 1975, bayan abokan sana'arsu sun yi ta kuka a jaridu, kamfanin ya yarda ya riƙa ba kowannensu dala 20,000 a shekara, ya kuma mayar da sunansu a kan littattafan. Ka ji abin mamaki: takardar banki da aka biya su da ita a 1938, wani ya adana ta, aka sayar da ita a 2012 a kan dala 160,000.

Labarin Jack Kirby ya fi wannan kusa da zancenmu, don shi a kan uwar zane aka yi rigimar. An haife shi a 1917 a unguwar talakawa ta birnin Niyu Yok. Mutum ne mai saurin hannu, yana iya gama shafi da yawa a wuni guda. Shi da Stan Lee suka fito da jarumai da dama a kamfanin Marvel, har da Black Panther a 1966, sarkin wata ƙasar Afirka ta tatsuniya, wanda samarinmu suke kallon sinimarsa a waya. An ƙiyasta cewa shafin da ya zana wa kamfanin ya kai 10,000 ko fiye.

Bayan 1970 masu zane suka fara cewa a mayar musu da takardunsu. Hujjarsu ita ce, izinin bugawa suka sayar, takardar kuwa tasu ce. Gidajen bugu suka fara mayar da sababbin ayyuka. Tsofaffin da ke ɗakin ajiya kuwa, sai a 1984 Marvel ta ce za ta raba su ga masu su, amma kowa sai ya sa hannu a wata takarda. Sauran masu zane aka aika musu takarda mai shafi ɗaya. Kirby shi kaɗai aka aika masa mai shafi huɗu. Ya zauna ya karanta ta daga farko har ƙarshe. A ciki an ce shafi 88 kawai za a ba shi. An ce kyauta ce kamfani ya yi masa. An ce ba shi da ikon sayar da su, ba shi da ikon nuna su ga jama'a.

Ya ƙi sa hannu. Yana da shekara 67 a lokacin, kuma takardun nan su ne abin da yake fatan bar wa iyalinsa. Da ya ɗauki alƙalami ya sa hannu ba tare da karatu ba, da magana ta ƙare a ranar. Abokan sana'arsa suka tsaya masa, aka yi ta ja-in-ja har shekara uku. A 1987 aka sassauta takardar, aka mayar masa da shafi wajen 1,900. Sauran fa? Da yawa sun riga sun fita ta bayan gida, suna hannun masu saye. Ya rasu a 1994.

Su wane ne masu sayen? Yawancinsu yaran da suka karanta littattafan ne suna ƙanana. Sun girma, sun yi kuɗi, suna son su riƙe takardar da hannun gwaninsu ya taɓa. Da fari a wurin taro suke haɗuwa, kamar cin kasuwar shekara. Irin wannan taro ne aka fara a garin Angulem na Faransa a 1974. Mai zane ya baza takardunsa a kan tebur, ya sayar da araha don ya sami kuɗin mota. Sannu a hankali ƴan kasuwa suka gane akwai riba. A 1991 babban gidan gwanjon nan Sotheby's ya yi gwanjon irin wannan kaya a Niyu Yok. Daga nan aka fara saye don a ajiye, kamar mai sayen gero da kaka yana jiran bazara.

Gwanjon nasu bai bambanta da cinikin kara ba sosai. Gidan gwanjo shi ne dillali. Mai kaya ya kawo, a duba, a buga hotonsa, a sa rana. Ranar gwanjo masu saye suna taya, wannan ya ƙara, wancan ya ƙara, wasu a ɗaki wasu ta waya. In taya ta tsaya, mai gwanjo ya buga ƴar guduma, ciniki ya faɗa. Dillali yana cin la'ada ga mai saye, yana ci ga mai sayarwa. Abin da ke ɗaga kuɗi shi ne sunan mai zane, da shaharar labarin, da lafiyar takardar. Amma abin da ya fi duka shi ne sanin asali. Wa ya fara riƙe ta? Ta yaya ta fita daga hannun mai ita? Don akwai masu kwaikwayon hannun gwanaye su sayar da jabu, akwai kuma kayan sata. Kai ma in an kawo maka saniya da araha, ai sai ka duba shaidar da ke jikinta ka tambayi mai ita.

Yanzu ga cinikin da ya girgiza kasuwar. A ƙasar Beljik an yi wani mai zane, Georges Remi, wanda aka fi sani da Hergé, ana faɗinsa Erje. An haife shi a 1907, ya rasu a 1983. A 1929 ya ƙago wani yaro ɗan jarida mai yawon duniya da farin karensa, sunansa Tantan. Duk wanda ya yi lakkol ta Faransanci ya san shi. Ni dai ban yafe masa littafinsa na Kwango ba, inda ya zana baƙar fata kamar yara marasa wayo, alhali bai taɓa taka ƙasar ba. Amma hannunsa gwani ne, wannan ba a musu.

A 1936 ya yi zanen bangon wani littafi da labarinsa ya faru a ƙasar Sin. Ga Tantan da karensa sun leƙo daga cikin wani babban tulu, ga wani jan dodo mai kama da maciji yana fuskantarsu. Gidan bugun Casterman ya ce launukan sun yi yawa, bugunsu zai yi tsada. Aka ajiye wannan, ya yi wani mai sauƙi. Takardar ta zauna a ninke gida shida, shekara da shekaru, a hannun iyalin mai gidan bugun. Ran 14 ga Janairu 2021 aka kai ta gwanjo a gidan Artcurial na birnin Paris. Guduma ta faɗi a kan yuro miliyan 2 da dubu 600. Da aka haɗa da la'ada, mai saye ya biya yuro 3,175,400.

Bari mu juya shi zuwa kuɗinmu. Yuro ɗaya tamma 656 ne, saura kaɗan. Kuɗin ya zama jika miliyan 2 da ɗoriya. In mun ɗauka ana sayar da sa ɗaya jika 300, takardar nan guda, mai alamar ninki a jikinta, ta sayi shanu kusan 7,000.

Ko a nan ma sai da aka yi gardamar asali. Masu sayarwa sun ce Erje ne ya ba ɗan mai gidan bugun kyauta, yana yaro ɗan shekara 7. Masu kula da gadon Erje, da wasu masana aikinsa, sun ce aika ta ya yi cikin wasiƙa don aiki, ba a mayar masa ba, kuma wurin zamanta shi ne gidan tarihinsa da aka buɗe a 2009. Da Erje da yaron duk sun rasu. Aka yi ciniki, kowa yana kan bakansa.

Za ka ce, to mai zane ko magadansa, me suke samu in an sake sayar da aikinsa? A Faransa akwai doka tun 1920, wadda za mu iya kira hakkin bin sawu. Asalinta yana da alaƙa da wani mai zane, Millet, wanda ya zana manomi da matarsa tsaye a gona. Ya rasu a 1875. A 1889 aka sayar da hoton a kan faran 553,000, iyalinsa kuwa ba su ga ko tamma ba. Dokar ta ce duk lokacin da aka sake sayar da aikin mutum a gwanjo, a cire masa wani ɗan kaso. Yau ƙasashen Tarayyar Turai suna bin ta, amma kason ba ya wuce yuro 12,500 komai tsadar kaya. A Amurka kuwa babu wannan doka ta ƙasa. A can, a Janairun 2022, aka sayar da shafi ɗaya na Spider-Man wanda Mike Zeck ya zana a 1984 a kan dala miliyan 3 da dubu 360.

Kada ka ce wannan sha'anin Turawa ne, bai shafe mu ba. Masu sayen tsofaffin kaya sun daɗe da sanin hanyar ƙasarmu. A 1975 aka gano gumakan yumɓu a Bura, wajen Tera. A 1983 masanin tarihi Bube Gado ya tona wurin bisa ƙa'ida. Da aka nuna kayan a Turai, masu saye suka yi ca. Mutanen karkara suka shiga tono da dare suna sayar wa ƴan tsakiya a kan abin da bai taka kara ya karya ba, kayan suka ƙetare teku. Abin da aka fasa wajen tono ba ya gyaruwa. A 1997 Nijar ta kafa dokar kare kayan tarihi, wadda ta hana fitar da irinsu ba da izini ba. Littattafan rubutun hannu ma ana nemansu. Marigayi Bubu Hama ya tara da yawa tun yana shugaban majalisa, kuma suna nan ajiye a cibiyar bincike ta jami'ar Yamai, sun kai wajen 4,000. Akwai irinsu cikin gafaka da adaka a garuruwan Buza da Keita, gara da ɗigon damina suna aikinsu a kai.

Mai zane ma muna da namu, kuma a nan jiharmu ya zauna. Mustafa Alasan, an haife shi a 1942. Tun yana yaro yake yanka kwali, ya kunna fitila a bayansa, inuwa ta fito a bango, yara su taru kallo. Ya fara da aikin kanikanci. A Yamai ya haɗu da Jan Rush, Bafaranshe mai ɗaukar sinima, daga baya ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren, gwanin sa zane ya yi motsi. Dabarar ita ce, sinima tana gudu da hoto 24 cikin daƙiƙa ɗaya. Sai ka zana kwaɗo, ka sake zana shi ya ɗan ɗaga ƙafa, ka sake, ka sake. In aka jera su da sauri, ido ya ga kwaɗo yana tafiya. Ka ga ke nan ɗan gajeren fim yana cin tarin zane, kowane da hannu.

A 1966 ya yi Bon Voyage Sim, fim na wajen minti 5. Shugaban ƙasar kwaɗi ne ya tafi ziyara ƙasar maƙwabta, ana ta fareti da busa da jawabi. Shekara 6 ke nan da samun mulkin kai, kowa ya san inda habaicin ya dosa. Ya kuma yi Kokowa da ƴan tsana, inda kwaɗi da hawainiya suke kokowa a fili kamar yadda ake yi a wasan takobi. Ya shugabanci sashen sinima na jami'ar Yamai shekara 15. Daga baya ya zauna a Tawa, ya buɗe masauki, ya mai da wani sashe nasa wurin aiki, da tsufansa kuma ya koyi zane da kwamfuta. Ya rasu a Wagadugu ran 17 ga Maris 2015. Bayan shekara biyu, a 2017, babban gidan adana zane na zamani da ke Niyu Yok ya shirya kwanaki na musamman, ana nuna kwaɗin Mustafa ga mutanen birnin.