Yadda Aka Daidaita Yoga da Jikin Mara Lafiya

A shekarar 1934 wani yaro ramamme mai shekara 15 ya sauka a birnin Mysore da ke kudancin Indiya. Sunansa B.K.S. Iyengar. An haife shi a ƙauyen Bellur a 1918, shekarar da annobar mura ta game duniya, kuma tun yana ƙarami ya sha fama da zazzaɓin cizon sauro da taifot da tarin fuka. Mijin yayarsa, Tirumalai Krishnamacharya, shi ne ya kira shi domin ya koyi yoga, ko jikinsa ya yi ƙwari. A lokacin ko sunkuyawa ya taɓa yatsun ƙafarsa ba ya iyawa. Wannan yaro da malaminsa su ne ginshiƙan tarihin yadda aka daina tilasta wa jiki ya bi yoga, aka koma lanƙwasa yoga ta bi jiki.

Yoga tsohuwar hanya ce ta horar da jiki da numfashi da tunani, wadda ta tsiro a cikin addinan Indiya. Tsohon littafin Patanjali bai yi dogon bayani a kan motsa gaɓoɓi ba. Abin da ya nema kawai shi ne zaman mutum ya kasance tabbatacce kuma babu takura a cikinsa. Littafin Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15 ya bayyana salon riƙe jiki guda 15 kacal. Yawancin motsin da ake gani a hotuna a yau ya bunƙasa ne a ƙarni na 20. A makarantar da Sarkin Mysore, Krishna Raja Wadiyar na Huɗu, ya buɗe wa Krishnamacharya a fada, yawancin ɗaliban yara maza ne masu jini a jika, darasin kuwa cike yake da tsalle da murɗa jiki. Horo ne da ya dace da samari, amma tsoho ko mai ciwon baya ba shi da wuri a ciki.

A 1937 Krishnamacharya ya tura Iyengar birnin Pune domin ya koyar. A can ya tarar da mutane iri-iri: masu ƙiba, da masu ciwon gwiwa, da waɗanda shekaru suka sandarar musu da gaɓoɓi. Da yake shi kansa ya san ɗacin rauni, sai ya fara gwaji da abubuwan da ke kusa da shi, har ya tsayar da kayan taimako da aka san shi da su: tubalin katako, da ɗamara, da bargo, da matashi, da kujera, da igiyar da ake ɗaurawa a bango. Kowanne da aikinsa. Wanda hannunsa bai kai ƙasa ba, sai a ajiye masa tubali ya dafa, ƙasa ta taso ta same shi. Wanda ba ya iya kamo tafin ƙafarsa, sai ya rataya ɗamara a ƙafar ya riƙe bakinta. Mai raunin ƙafafu ya jingina da bango, mai ciwon kwankwaso ya zauna a kan naɗaɗɗen bargo. Amfanin da ake nema a motsin yana nan, wahalar ce aka rage.

Sunan Iyengar ya fita ƙetare bayan haɗuwarsa da fitaccen mai goge Yehudi Menuhin a 1952, wanda ya zama ɗalibinsa kuma ya gayyace shi Turai. Littafinsa Light on Yoga ya fito a 1966, sannan a 1975 ya buɗe cibiyarsa a Pune da sunan marigayiyar matarsa Ramamani, inda aka ware azuzuwa na musamman domin marasa lafiya. Yaron da ya taso cikin jinya ya rayu har zuwa 2014, ya rasu yana da shekara 95.

Shi ma malamin nasa ya sauya. Bayan Indiya ta sami 'yanci a 1947, ikon sarakuna ya ragu, tallafin fada ya yanke, makarantar Mysore ta rufe. Krishnamacharya ya koma birnin Madras, wanda ake kira Chennai a yau, ya riƙa karɓar mutane ɗaya bayan ɗaya. Da yawansu manya ne masu asma ko ciwon sukari ko hawan jini. Kafin ya ba mutum darasi, yakan duba shekarunsa da sana'arsa da ciwonsa da ƙarfin numfashinsa, sa'an nan ya tsara masa abin da zai iya. Ɗansa T.K.V. Desikachar, wanda ya bar aikin injiniya ya bi sawun mahaifinsa, ya kafa cibiyar Krishnamacharya Yoga Mandiram a 1976 bisa wannan ƙa'ida. Bahaushe ya riga ya taƙaita ta da cewa daidai ruwa, daidai tsaki.

Wancan ɓangaren jiki ke nan. Ɓangaren damuwa kuwa ya shiga tarihin ne ta ƙofar bincike. Tun a 1924 Swami Kuvalayananda ya kafa cibiyar Kaivalyadhama a Lonavla, inda ya riƙa auna abin da motsi da numfashi ke yi wa jiki da na'urorin likita. A 1975 wani likitan zuciya na Jami'ar Harvard, Herbert Benson, ya wallafa littafi a kan yadda jiki ke sakin kansa idan hankali ya natsu. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya buɗe shirin mako takwas na rage damuwa a asibitin Jami'ar Massachusetts, ya haɗa da yoga mai sauƙi wadda masu ciwo mai naci za su iya yi ko da a kwance. Dalilin a fili yake. Idan mutum ya shiga fargaba, zuciya takan yi sauri, numfashi ya gajarta, tsokar wuya da kafaɗa ta ɗaure. Jan numfashi a hankali, musamman tsawaita fitar da shi, yana zaburar da jijiyoyin da ke rage bugun zuciya. Wannan aiki kuwa ba ya bukatar lafiyayyun ƙafafu.

Daga nan sai kujera ta zama tabarma. A 1982 wata malama a Amurka, Lakshmi Voelker, ta tsara darasin da ake yi gaba ɗaya a zaune, saboda wata ɗalibarta da amosanin gaɓɓai ya hana sauka ƙasa. A 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta sanya yoga cikin hanyoyin da za a fara gwadawa kafin magani ga masu daɗaɗɗen ciwon baya. Duk da haka akwai iyaka. Mai hawan jini ko ciwon hawan ruwan ido ba a sa shi ya kifa kai ƙasa, mai raunin ƙashi ba a murɗa masa baya da ƙarfi, kuma motsin ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta.

Ga al'ummar Musulmi akwai tambayar asali. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda abubuwan bautar Hindu da ke cikinta, a 2009 kuma majalisar malaman Indonesiya ta hana wadda ke ɗauke da kirarin bauta, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Amma ka'idar rangwame ga mai rauni ba baƙuwa ba ce ga wanda ya yi karatun zaure. Littafin Ahalari, na malamin Aljeriya na ƙarni na 16, ya jero halaye bakwai da ake sallar farilla a cikinsu: tsaye, tsaye a jingine, zaune, zaune a jingine, sannan kwance ta dama, ta hagu, da rigingine. Salla ibada ce, ba a haɗa ta da motsa jiki, sai dai hikimar cewa a nemi daga mutum gwargwadon ikonsa ta daɗe a hannun almajirai daga Kano har Chadi.

Wannan tarihi yana da nauyi a yankin Tafkin Chadi da arewacin Nijeriya. An ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agusta na 2020, amma waɗanda cutar ta shanye wa ƙafafu suna nan, tare da waɗanda suka karye a haɗarin babur, da masu shanyewar ɓarin jiki, da waɗanda rikici ya raba da gidajensu har barci ya ƙaurace musu. Mai aikin gashin ƙashi a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko mai jinyar mahaifiyarsa a unguwar Gassi ta N'Djamena, ba ya bukatar kaya daga Pune. Kujera mai ƙwari da bangon ɗaki da zane a madadin ɗamara da matashin kai sun isa, matuƙar an fara da shawarar likita, aka tambayi mara lafiya inda ke yi masa ciwo, aka kuma tsaya da zarar ya ce ya ji zafi.